Kujeru Shida na Gidan Malam Tanko

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, wanda na fi daɗewa ina kewaya shi. Ku ƴaƴana, kowa a cikinku yana da nasa labarin shekarar kujeru. Mamman yana cewa taurin kaina ne ya jinkirta masa aure. Rabi tana cewa matan Malbaza ne suka yi mini wayo. Ƙananan kuwa abin da suka taso suka ji shi ne, wai akwai shekarar da arziki ya shigo har tsakar gidan nan, Baba ya raka shi bakin ƙofa. Ban taɓa zaunar da ku na warware muku ba, domin innarku Hajara, Allah ya jiƙanta, ba ta son a tayar da maganar. Yanzu da hannuna ya gaji da zarto amma bai gaji da biro ba, bari in rubuta yadda abin ya kasance.

Sai kun san yadda kujerun suka taru kafin ku gane sauran. Na koyi kafinta a nan Konni wurin wani tsoho mutumin Dahome, muna ce masa Baba Kwajo. Shi ke gyaran kayan buro, wato ofisoshin gwamnati, a lokacin. Wata rana aka kawo masa kujera daga masaukin baƙi, ƙafarta ɗaya ta yi lako-lako. Ya kife ta a kan teburin aiki ya ce in nemo masa ƙusa ko guda ɗaya a jikinta. Na duba sama na duba ƙasa, babu. Katako ne ya shiga cikin katako ya riƙe ɗan uwansa. Ƙafafun sun ɗan buɗe, suna sirancewa zuwa ƙasa kamar na barewa, majinginar kuma ta kwanta daidai inda bayan mutum yake neman hutu. Ba zane, ba ado, ba komai da ya wuce abin da zama yake buƙata.

"Wanda ya yi wannan," in ji Baba Kwajo, "sai da ya zauna sannan ya yanka. Mu yankawa muke yi, sannan mu ce mutum ya zauna."

Irin waɗannan kujeru sun shigo ƙasar nan a ƙarshen zamanin Turawa da farkon mulkin kai. Suna buro, suna asibiti, suna gidajen manyan ma'aikata da na shugabannin lakwal, wato makarantun boko. Da zamani ya juya, kushin mai soso ya zo, kujerun roba suka cika kasuwa daga hayin iyaka, sai aka fara jefa tsofaffin a bayan gini. Rana ta ci nata, gara ta ci nata, na katako a faskara a hura wuta, na ƙarfe ƴan gwangwan su auna a sikeli su ƙetara da su Najeriya. Ni kuwa ba na iya wuce su. In na gani a hannun ɗan gwangwan, in saya. In na gani a gidan mutum, in yi sallama in tambaya. Da yawa ba su karɓi komai ba, sai su ce, "Ɗauka ka gyara, ta zauna wurinka." Kowace na kawo, bayan na kankare tsatsa na shafa mai, sai in kife ta in rubuta da fenti a ƙarƙashinta sunan wanda ta fito daga hannunsa da garinsu. Haka suka kai talatin da ɗaya, suka cika babban ɗakin da ke kusa da zaure.

Innarku ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta ba.

"Mutane na tara tumaki," take cewa, "kai kana tara abin da ba shi haihuwa."

Amma duk Juma'a da hantsi ita ce ke shiga da tsumma ta goge su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta barin kowa ya ɗora musu kwano.

A cikin talatin da ɗayan nan akwai shida ƴan uwan juna, su ne sarautar ɗakin. Ƙafafunsu baƙin ƙarfe ne siriri, mazauni da majingina kuma katako ne fallaye-fallaye da aka manna aka lanƙwasa, har ka ce ruwa ne aka zuba ya daskare a haka. Asalinsu na ɗakin cin abincin wasu injiniyoyi Turawa ne a Malbaza. Da za su koma gida suka bar wa kukunsu, Malam Tanko. Ban san shi ba, ya rasu kafin in je. Matarsa na sani, Gwaggo Mariya. Aikin ƙofofi ya kai ni unguwarsu, na leƙa tsakar gidanta neman ruwan sha, na ga huɗu a jingine da bango, kaji suna kwana a kansu. Na yi tayin saye, ta girgiza kai.

"Ba ni sai da kayan mamaci. Amma nan kaji za su ƙarasa su. Tahi da su ka gyara, su zamna wurinka."

Ta gaya mini da shida ne, wani ɗan ƙanen mijinta ya kwashe biyu ya sayar. Na tashi nemansu. Ɗaya na samu wurin mai shayi a mararrabar Tsarnawa, ya ɗaure mata ƙafa da waya, na ba shi benci sabo fil da na yi da hannuna muka yi musaya. Ɗayar sai bayan shekara goma sha uku na tsinkayi ƙafarta tana leƙowa daga tulin ƙarafa a nan Konni, ana shirin loda su a mota. Ranar da na jera su shida a ɗaki na zauna a ƙasa ina kallonsu, har innarku ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

To, shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da aka sa ranar auren Mamman, bayan kaka. Gidan nan ba kamar yanzu yake ba. Ɗakin da ya dace a kawo amarya shi ne ɗakin kujeru, rumfar aikina kuma a bakin titi take, ba bango ba ƙofa, ba wurin ajiyar abin da nake so ba ne. Muna cikin wannan tunani sai wana, Yaya Sani, ya zo da baƙuwa. Ƙananan cikinku sun tarar da shi tsoho, amma a lokacin dillali ne mai suna a kasuwar bakin iyaka, wanda in ya ce an sayar to an sayar. Baƙuwar wata ƴar kasuwa ce daga Yamai, Madam kawai muke ce mata, tana sayen tsofaffin kaya tana aikawa ƙasashen waje. Ta shiga ɗakin tana ta surutu da Faransanci, tana taɓa wannan tana taɓa waccan. Da ta iso kan shidan nan sai ta yi shiru. Ta durƙusa da tsadadden zanenta a ƙasa, ta shafa inda ƙarfe ya haɗu da katako, ta ƙirga su da yatsa sau biyu. Na daɗe a sana'a, na san shirun mai saye.

Ta ce za ta kwashe ɗakin duka. Ba zan rubuta abin da ta taya ba, kun riga kun ji shi a bakin mutane, kowa da ƙarinsa. Abin da zan ce shi ne ya isa a yi wa Mamman aure a wadace, a ƙara gini, innarku kuma ta je Makka, abin da take ambata tun tana amarya. Yaya Sani ya dube ni. Na ce, "To." Ya miƙa wa Madam hannu a madadina. Ta ce nan da kwana goma mota za ta zo.

Wannan "to" ɗin shi ne laifina a shekarar, kuma ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Gida ya ɗauki murna. Mamman yana auna ɗakin da taku yana faɗin inda gado zai zauna. Rabi tana tsokanar innarku tana ce mata Hajiya, ita kuma tana korarta da muciya tana dariya. Ban taɓa ganin innarku tana waƙa a bakin murhu ba sai a kwanakin nan.

Kwana biyu bayan haka, da safe, na shiga in shafa musu mai na ƙarshe. Na kife ta farko, na ga rubutun hannuna: Mushe Garba, Illela, wato Malam Garba a bakin masu Faransanci. Na kife ta biyu, wani sunan. Na bi su duka. Goma sha ɗaya ne kawai na saya ko na yi musaya. Ashirin ba ni aka yi, kuma ban tuna ko mutum ɗaya da ya ce mini "na ba ka kyauta" ba. Abin da suka ce shi ne ta zauna wurina. A ƙarƙashin huɗu daga cikin shidan, Gwaggo Mariya, Malbaza. Ba zan ce na manta ba. Na sani sarai, ajiye sanin na yi gefe ranar da Madam ta buɗe baki.

Na tafi rumfar Yaya Sani a kasuwa, na jira ya sallami mutanensa, na gaya masa.

"Shekara nawa suna ɗakinka?" ya ce. "Wa ya kankare musu tsatsa? Wa ya hana gara ta cinye su? Tsohuwar ma ka san ko tana da rai?"

"Ban sani ba, Yaya. Shi ya sa zan tahi in gani."

"Abdu, ka jiya da kyau. Na ba da hannu. Ni a bakin iyakar ga ba ni da shago, ba ni da mota, hannuna shi ne jarina. In ka mai da ni ƙaramin mutum gaban matar ga, kai ka sani."

Na ce masa ba fasawa na yi ba, izini zan nema. Ya juya mini ƙeya.

Na fara da Illela, tamu ta arewa, ba wadda ke hayin iyaka ba, domin kujeru bakwai daga hannun Mushe Garba suka fito. Tsohon shugaban lakwal ne, ya ajiye aiki, idonsa ya yi rauni amma bakinsa yana nan da kaifinsa. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya yi dariya har da tari.

"Wato Turawa sun kawo, sun yar, yanzu kuma suna so su saye? Allah mai iko. Abdu, waɗanga kujeru ni ma ba nawa ba ne, na gidan lakwal ne. Da anka ce a ƙone su na ce a'a, na san mai son su. Ban ba ka don ka ci riba ba, ban kuma hana ka ba. Amma in ka tambaye ni, ni dai ina son in san suna ƙasar ga. Jikokina su je Konni su gani, su san mun taɓa zama a kan abin kirki."

Na ce ya gama magana, bakwai ɗin nan ba za su tafi ko'ina ba. Daga nan na bi ta Dogarawa da ƙauyuka biyu. Wani ya ce in riƙe, wata ta ce tunda abin yana da daraja a mayar mata da tata, wani kuma ya ƙaura ba a san inda yake ba. A rana ta huɗu na sauka Malbaza.

Gwaggo Mariya ta rasu damina biyu da suka wuce, ban ji ba. Babbar ɗiyarta, Zalika, ita ce a gidan. Na tarar da ita a ƙofar gida tana tuyar ƙosai, gefen katangar ya zube an tare da zana. Na yi mata gaisuwar rashi, na ce ni ne Abdu kafinta daga Konni. Ban ƙarasa ba ta tare ni.

"Awo, na gane ka. Inna ta yi maganarka kafin ta cika. Ta ce kujerun Baba huɗu suna wurin kafintan Konni, mutumin kirki ne." Ta juya ƙosai a mai, ta ci gaba. "In don su ka sha wagga tahiya, da ka huta. Riƙe abinka, Baba. Mi za mu yi da tsohon ƙarfe? Mu uku ne, kuma na san ƙannena ba su ko tuna da su."

Ku tsaya nan ku duba da kyau, domin nan ne duk maganar take. Ga magajiya da bakinta ta ce in riƙe. Da na ce na gode na tashi, ba alƙalin da zai kama ni, ba malamin da zai ji labari. Na zauna a kan dakalin nan ina jin ƙamshin mai, ina tuna innarku tana waƙa a bakin murhu. Na buɗe baki zan ce na gode. Sai na ga abin da take bari ba shi ne abin da zan ɗauka ba. Ita tsohon ƙarfe ta bar mini. Ni kuwa na san abin da aka taya.

Na gaya mata. Na faɗi abin da Madam ta ce a kan shidan, da abin da zai zama rabon huɗu a ciki.

Ta tsaya da matsamin a hannu. Ƙosai ya ƙone a cikin mai, ba ta gani ba, sai da maƙwabciyarta ta yi magana. Ta sauke kaskon, ta goge hannu a zane, ta zauna a ƙasa.

"Baba, ba'a kake yi mini?"

"Ban zo daga Konni don ba'a ba, ɗiyata."

"To don mi ka hwaɗa mini? Ai na riga na ce ka riƙe."

Na ce mata don ubanta ne ya yi shekaru a bakin wuta aka ba shi su, uwarta kuma ajiya ta ba ni. Ta rufe fuska da mayafi. Ba ta yi mini wayo ba, Rabi. Ko roƙo ba ta yi ba. Ta aika aka kira ƙannenta biyu daga gidajen aurensu, suka yi shawara da kawunsu, washegari suka ce suna so a sayar. Kowace da abin da ke gabanta, kuma ba hurumina ba ne in tambaya.

Na kira Madam a waya daga can. Ba ta ji daɗi ba. Ta ce ita ba ta da lokacin bin masu kujera ashirin gida-gida, sauran nawa da na saya kuma dama don shidan ta haɗa da su. Shidan take so, kuma shida cif. In huɗu ne, ba ta so.

A motar kasuwa da na dawo, zuciyata ta kawo mini wata shawara, kuma ba zan ɓoye muku ita ba. Biyun nan nawa ne halak malak. In na ce ba na sayarwa, ciniki ya mutu, huɗun ma su ci gaba da zama a ɗakina tunda ba mai saye, ni kuma in ce na fita hakki, ai na faɗi gaskiya. Tun daga Malbaza har Tsarnawa ina juya wannan, yana yi mini daɗi.

Na iso gida bayan la'asar. Innarku tana tankaɗe a tsakar gida. Na jawo turmi na zauna, na kwashe komai na gaya mata, har da shawarar mota. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

"Wato Makka babu," ta ce.

"Bana dai babu."

Ta ci gaba da tankaɗe. Na ga garin yana zuba gefen faifai. Can ta ajiye rariyar.

"Malam, da ka yi shiru ka kai ni, da na je ban san komi ba, alhakin yana wuyanka. Yanzu na sani. Ba ni zuwa ɗakin Allah a kan kujerar marayu." Ta share ido da bakin zane. "Amma wagga dabara taka ta mota, ka bar ta a mota. Ka nuna musu tuwo sannan ka riƙe miya? Shekara goma sha uku kana yawo don ka haɗa su shida. Yanzu kai za ka raba su?"

Na bar dabarar a mota, na sake kiran Madam na ce ta zo ta ɗauki shidan. Kada ku ɗauka abin ya zo mata da sauƙi. Mako guda ba ta yi mini magana ba sai ta dole, kuma daga ranar ba ta sake shiga ɗakin kujeru da tsumma ba. Ni na karɓi aikin.

Motar Madam ta zo ranar da ta faɗa. Zalika da ƙannenta da kawunsu suka zo, aka yi ciniki a tsakar gidan nan gaban shaidu, suka karɓi nasu da hannunsu, na karɓi na biyuna. Na aika a kira Yaya Sani ya karɓi la'adarsa, matan ma sun yarda a cire masa, ya ce a gaya mini shi ba ya cin sadaka. Ni na naɗe kujerun da kaina, kowace ƙafa da tsumma, kowace majingina da tsohon bargo, na nuna wa direba inda zai ɗaure igiya don kada ta ci katako. Da motar ta tashi ban tsaya kallonta ba. Na wuce rumfa na kama wani ƙyaure da ba a ma gaggawarsa, na yi ta aiki har magariba.

Ga abin da ya biyo baya. Kujeru uku na mayar wa masu su da suka nema. Sauran ashirin da biyu suka zauna inda suke, domin yawancinsu ajiya ce, kuma ba ni da wani wurin da zan kai su. Abin da na samu na biyun ya sayi kwano da siminti, ni da Mamman muka buga bulo muka tayar da ɗakin da yake ciki yanzu. Kafin a gama shi damina ta shigo, iyayen yarinya suka ce sai wata kakar. Mamman, ka tsaya a gabana a wannan shekara ka ce na fi son katako da ɗana. Ban mare ka ba, ban kuma amsa ba. Yau ga amsar. Ka yi gaskiya a abu ɗaya: da ban ce "to" ba tun farko, da ba ka sa rai ba, kuma cire rai ya fi rashin samu ciwo. Wannan ka yafe mini. Amma komawata Malbaza, in yau aka mayar da ni kan dakalin nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Innarku ba ta je Makka ba. Muka ce baɗi, baɗi ta zo da ciwon gwiwa, daga nan kuma sai abin da kuka sani. Wannan shi ne abin da nake ɗauke da shi, kuma ban nemi kowa ya taya ni ba.

Yaya Sani kuwa ya yi shekara huɗu bai taka gidan nan ba. Ya ce a kasuwa ƙanensa ya kwance masa zane. Bikin Mamman ya zo ya tsaya a waje aka shafa fatiha ya wuce. In na gaishe shi a masallaci sai ya amsa yana kallon wani wuri. Kowace sallah ina zuwa gidansa, a ce mini yana barci. Ban daina zuwa ba, wana ne, shi ya goye ni muna ƙanana a Dogarawa.

A shekara ta biyar ciwon baya ya kwantar da shi. Matarsa ta aiko mini da saƙo a ɓoye, ta ce ba ya iya zama a tabarma, in kuma ya zauna a kushin sai ya nutse, sai mutum biyu sun ɗaga shi, shi kuwa ya ƙi jinin a ɗaga shi. Na shiga ɗaki na tsaya ina dubawa. Akwai wata da na saya tun da daɗewa a gwanjon kayan wani tsohon asibiti, ta katako ce zalla, mazauninta yana da tsayi, hannuwanta faffaɗa ne masu ƙarfi, an yi ta don marar lafiya ya dafa ya miƙe. Na ɗaure ta a bayan moto, wato babur, da hantsi na nufi gidansa.

Na same shi a zaure a kishingiɗe, ya rame. Na yi sallama, ya amsa ciki-ciki. Na kwance kujerar na ajiye ta kusa da shi, na koma gefe na tsuguna. Ya daɗe yana hararar ta. Sannan ya miƙa hannu ya kama ƙafarta, ya ja jiki, na yunƙura zan taimaka ya ɗaga mini hannu. Da kansa ya hau. Ya jingina a hankali, na ga fuskarsa ta saki, ya sauke wani dogon numfashi. Ya dafa hannuwan nan biyu ya miƙe tsaye, shi kaɗai. Ya sake zama. Ya sake miƙewa.

"Wagga ta wa ce?" ya ce, bai dube ni ba. "Kada gobe wata tsohuwa ta zo ta tashe ni."

"Tawa ce, Yaya. Da gumina na saya."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ya shafa katakon da tafin hannu, irin shafawar dillali mai duba kaya. Sai ya ɗaga murya ya kira matarsa.

"Ke! Abdu ne ya zo. A kawo fura, ludayi biyu."